Darasi na Tara: Turancin Wurin Aiki

Manufar darasi

Idan an kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. faɗin sana'arsa da wurin aikinsa da Turanci;
2. karanta sanarwar neman ma'aikata, ya gane abin da ake nema;
3. bambance kalmomin albashi da hutu da barin aiki a takardar ɗaukar aiki;
4. yin tambaya da Turanci a kan abin da bai gane ba, kafin ya sa hannu.

Gabatarwa

Ana idar da sallar asuba, bakin titin Madalla da Gauraka ya cika da masu jiran mota. 'Yan kamasho na ta kiran Zuba, Kubwa, Berger, Wuse. A cikin masu rububin shiga akwai direbobi da masu gadi da magina da masu shara da ma'aikatan gwamnati. A Suleja suke kwana saboda haya ta fi sauƙi, a Abuja suke wuni saboda can aikin yake.

Wannan zirga-zirga tana da asali. Garin Suleja shi ne ainihin Abuja, wanda Abu Ja, ɗan'uwan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa a 1828. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka ba sabon birnin sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ma'aikatan farko na hukumar gina birnin a nan suka yada zango, shi ya sa har yau ake kiran wata unguwa *Field Base*, wato sansanin masu aikin fili. Tun daga lokacin, musamman bayan gwamnati ta tare a Abuja a Disambar 1991, abincin dubban mutanen Suleja ya rataya a kan ofisoshi da kamfanoni da gidajen da ake magana da Turanci.

A kasuwar IBB ko a tasha, Hausa ta ishe ka, in ta ƙi a haɗa da buroka. Amma takarda da Turanci take zuwa: sanarwar neman ma'aikata, fom, takardar ɗaukar aiki, takardar albashi, har ta sallama. Mutum yana iya shekara da shekaru yana tuƙi babu ko ƙwarzane, ya sa hannu a kan kalma ɗaya da bai gane ba, ya rasa albashin wata guda. Shi ya sa za mu fi daɗewa a kan kalmomin takarda.

1. Kalmomin da kuka riga kuka sani

Da yawa daga sunayen ayyuka sun daɗe da shigowa Hausa. Bakinku ya saba da su, rubutunsu kawai ya rage ku koya.

- *driver* – direba
- *conductor* – kwandasta
- *carpenter* – kafinta
- *bricklayer* – birkila
- *labourer* – lebura
- *tailor* – tela
- *welder* – walda, mai walda
- *cook* – kuku
- *messenger* – masinja
- *manager* – manaja
- *secretary* – sakatare
- *engineer* – injiniya
- *lawyer* – lauya

Ku lura da abu uku da Bahaushe ya yi wa waɗannan kalmomi, don idan za ku faɗe su da Turanci sai kun mayar da su yadda suke. Na farko, ya mai da *p* ta koma *f*, *v* kuma ta koma *b*: *carpenter* ta zama kafinta, *driver* ta zama direba. Don furta *p*, a haɗe leɓɓa gam sannan a sake su. Don furta *v*, a ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Na biyu, Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, sai ta raba su da wasali: *dr* ta zama *dir*, *br* ta zama *bir*. Na uku, ƙarshen kalma mai *-er* ko *-or* ya koma *-a*. Wannan na ukun bai yi nisa da yadda Turawan Ingila ke furtawa ba, don haka matsalarsa a rubutu take, ba a baki ba.

2. Yadda Turanci ke gina sunan ma'aikaci

A Hausa, da *ma-* ake fara sunan mai sana'a: noma, manomi, gini, magini, ƙira, maƙeri. Turanci a ƙarshen kalma yake yin nasa ƙarin, galibi da *-er*:

- *farm*, noma – *farmer*, manomi
- *build*, gina – *builder*, magini
- *teach*, koyar – *teacher*, malami
- *clean*, share ko goge – *cleaner*, mai shara da goge-goge
- *trade*, kasuwanci – *trader*, ɗan kasuwa

Akwai wani ƙarin da ke rikita mutane, wato *-ee*. Mai *-er* shi ke yin aikin, mai *-ee* shi ake yi wa. *Employer* shi ne wanda ya ɗauke ka aiki, *employee* kuma kai ne da aka ɗauka. *Trainer* mai horarwa ne, *trainee* wanda ake horarwa. A ƙasan takardar yarjejeniya za ku ga layi biyu na sa hannu. Naku shi ne wanda aka rubuta *employee* a ƙarƙashinsa.

Ga misali daga garin nan. A farkon shekarun 1950 wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Suleja, lokacin ana kiranta Abuja. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Sana'arta da Turanci *potter*, maginiyar tukwane. Ta shiga tana *trainee* a kan sababbin dabarun gini da gashi, daga baya ta zama *instructor*, mai koyarwa. Hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Sauran sunayen da za ku haddace:

- *blacksmith* – maƙeri
- *butcher* – mahauci
- *barber* – mai aski
- *hawker* – mai talla
- *vulcanizer* – mai faci
- *electrician* – mai aikin wutar lantarki
- *plumber* – mai aikin famfo
- *security guard* – maigadi
- *midwife* – ungozoma
- *civil servant* – ma'aikacin gwamnati
- *apprentice* – yaron shago mai koyon sana'a
- *self-employed* – mai cin gashin kansa, wanda ba ya ƙarƙashin kowa

3. Yadda za ka faɗi aikinka

Idan aka ce maka *What do you do?* ba ana tambayar abin da kake yi a wannan lokacin ba ne. Sana'arka ake tambaya. Ga hanyoyin amsawa:

- *I am a tailor.* Ni tela ne, ko ni tela ce.
- *I am an electrician.* Ni mai aikin wutar lantarki ne.
- *I work as a cleaner.* Aikin shara nake yi.
- *I work in Wuse.* A Wuse nake aiki.
- *I work at a hospital.* A asibiti nake aiki.
- *I work for a construction company.* Kamfanin gine-gine nake yi wa aiki.
- *I am looking for a job.* Ina neman aiki.

Kada a manta da *a* ko *an* kafin sunan sana'a. Ana sa *an* idan kalmar ta fara da sautin wasali: *an engineer*, *an apprentice*. Haka kuma kalmar aiki kashi biyu ce a Turanci. *Job* gurbin aiki ne da ake ƙirgawa: *a job*, *two jobs*. *Work* kuwa aikin kansa ne, ba a ƙirga shi, don haka ba a cewa *a work*.

4. Sanarwar neman ma'aikata

Ga irin sanarwar da ake liƙawa a ƙofar kamfani ko a turo ta WhatsApp:

*VACANCY. Driver wanted. Applicants must have a valid driver's licence and three years' experience. Apply in person with your CV. Salary is negotiable.*

- *vacancy* – gurbin aiki
- *wanted* – ana nema
- *applicant* – mai neman aiki
- *valid* – wanda wa'adinsa bai ƙare ba
- *experience* – gogewa, shekarun da ka yi a sana'ar
- *apply in person* – ka zo da kanka, ban da aike
- *CV* – taƙaitaccen tarihin karatunka da ayyukanka
- *negotiable* – ana iya daidaitawa, ba yankakke ba ne

Wasu kalmomin da ke biyo baya su ne *qualification*, takardar shaidar karatu ko sana'a. *Deadline*, ranar rufewa. *Shortlisted*, waɗanda aka tantance. Da *interview*, ganawar da muke kira intabiyu. Mai sana'ar hannu da bai yi boko mai zurfi ba yana iya neman *trade test certificate*, takardar gwajin sana'a da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke bayarwa. Ita ma *qualification* ce.

Hattara da sanarwar da ta nemi *processing fee* ko *registration fee*, wato ka biya kuɗi kafin a ba ka aiki. Da irin waɗannan kalmomi 'yan damfara ke cin kasuwarsu.

5. Takardar ɗaukar aiki

Ku karanta wannan hira. Wani saurayi ya samu aikin tuƙi a wani kamfani a Abuja, ya kawo wa kawunsa takardar. Kawun tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya.

Saurayi: Kawu, an dace. Ga takardar, sun ce in sa hannu in mayar gobe.

Kawu: Alhamdu lillahi, Allah ya sanya albarka. Miƙo min tabarau can. Ka karanta kuwa?

Saurayi: Na dai ga naira dubu ɗari.

Kawu: Wane ɗarin? Duba nan da kyau, *gross salary* suka rubuta. Albashi ke nan kafin a cire komai. Wanda zai shiga asusunka shi ne *net pay*. A tsakaninsu akwai *deductions*, abubuwan da ake yanka, kamar kuɗin fansho. Kada ka yi wa mai gidan haya alkawari da *gross*.

Saurayi: To wannan fa, *probation, six months*?

Kawu: Gwaji ke nan. Wata shida suna kallon kamun ludayinka. In sun gamsu sai su ba ka *confirmation*, su tabbatar da kai. Ranar da watannin suka cika kada ka yi shiru, ka nemi takardar.

Saurayi: Nan kuma an ce *one month's notice or salary in lieu of notice*.

Kawu: Yauwa, ɗana, nan ne wurin. In za su sallame ka, sai su faɗa maka da wata guda, ko su biya ka albashin wata a madadin sanarwar. *In lieu of* na nufin a madadin. Amma igiyar ta ɗaure ka kai ma. In ka tashi tafiya ba ka ba su wata guda ba, kai za ka biya.

Saurayi: Ashe!

Kawu: Abin da ban gani ba shi ne *overtime*. Direba ne kai, za a tsare ka har dare, ga Suleja ba kusa ba. Ka tambaye su ko suna biyan awannin da suka ɗoru, da *transport allowance*, alawus na mota. In sun ce e, su rubuta.

Saurayi: Sun kuma ce in kawo *guarantor*.

Kawu: Ni ke nan, ko? Ka san ma'anarta? *Referee* shaida kawai yake bayarwa cewa ya san halinka. *Guarantor* kuwa tsaya maka ya yi. In ka ɓace da motar mutane, ni za a zo a kama. Zan sa hannu, amma ka riƙe amana.

Bayan kalmomin da suka fito a hirar, ku duba wane irin aiki aka ba ku, don haƙƙinsu ba ɗaya ba ne:

- *permanent* – aikin dindindin
- *contract* – kwantiragi, aikin da ke da wa'adi
- *casual* – aikin wucin gadi, galibi na biyan kullum
- *part-time* – aikin wasu awanni ko wasu ranaku
- *shift* – aikin karɓa-karɓa, na safe ko na dare

Kuɗin ma suna suka tara. *Salary* albashin wata ne. *Wage* kuɗin da ake lissafawa da awa ko yini ko mako, irin na lebura a wurin gini. *Commission* kamasho ne, *bonus* kyautar da ake ɗorawa a kan albashi, *arrears* kuma bashin albashin da aka riƙe maka. Takardar da ke nuna lissafin duka ita ce *payslip*. Ku riƙa adana ta.

6. Abin da doka ta ce

Dokar Ƙwadago ta 1974, da Turanci *Labour Act*, ta shafi masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, ban da manajoji da manyan jami'ai. Ga kaɗan daga cikin tanade-tanadenta:

- Dole wanda ya ɗauki ma'aikaci ya ba shi rubutattun sharuɗɗan aiki, *terms of employment*, kafin wata 3 su wuce da fara aiki.
- *Notice*, sanarwar rabuwa: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 ga wanda ya kai shekara 5. Wannan shi ne mafi ƙaranci, yarjejeniya tana iya ba da fiye da haka.
- *Annual leave*, hutun shekara: aƙalla ranakun aiki 6 da cikakken albashi, bayan an yi wata 12 ana aiki.
- *Sick leave*, hutun rashin lafiya: har ranakun aiki 12 a shekara, da shaidar likita.
- *Maternity leave*, hutun haihuwa: mako 12, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata 6 a aikin.

*Minimum wage* shi ne mafi ƙarancin albashi. Ya kasance naira 18,000 daga 2011, ya koma 30,000 a 2019, sannan 70,000 a Yulin 2024. A shekarar 2024 ɗin Gwamnatin Jihar Neja ta sanar da 80,000 ga nata ma'aikatan. Sai dai dokar mafi ƙarancin albashi ta tarayya ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. A ɓangaren fansho, dokar 2014 ta ce a yanki aƙalla kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ɗora kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Wanda aka tauye wa haƙƙi yana iya kai kuka ga *union*, ƙungiyar ƙwadagonsa, ko ofishin ƙwadago, ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, *National Industrial Court*.

7. Kalmomin horo da rabuwa da aiki

A bakin mutane duk “an kore shi” ne ko “ya bar aiki”. A takarda kowace kalma da abin da take jawowa.

- *query* – takardar tuhuma. Ba kora ba ce. Ana so ka yi bayani a rubuce cikin lokacin da aka sa. Ƙin amsawa laifi ne na daban.
- *warning* – gargaɗi
- *suspension* – dakatarwa na ɗan lokaci
- *resignation* – ajiye aiki da kanka
- *termination* – kawo ƙarshen yarjejeniya, da sanarwa ko kuɗi a madadinta
- *redundancy* – rage ma'aikata don aikin ya yi ƙaranci, ba don laifinka ba
- *dismissal* – kora saboda babban laifi, galibi babu sanarwa, kuma tana iya cinye wasu haƙƙoƙi
- *retirement* – ritaya. Ga yawancin ma'aikatan gwamnati tana zuwa ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga cika.

Idan kamfani na rage ma'aikata aka miƙo maka takarda mai kalmar *resignation*, ka tsaya tukuna. Sa hannu a kanta na nufin kai ka ce ka bari, ba su suka sallame ka ba, kuma da wuya ka nemi kuɗin sanarwa bayan haka.

8. Jimlolin tambaya

Matambayi ba ya ɓata. Ku haddace waɗannan, ku riƙa faɗa cikin ladabi, da *sir* ga namiji, *ma* ko *madam* ga mace:

- *Please, what does this word mean?* Don Allah mece ce ma'anar wannan kalma?
- *Is this gross or net?* Wannan kafin yanka ne ko bayan yanka?
- *Do you pay overtime?* Kuna biyan kuɗin ƙarin awanni?
- *Can I read it at home before I sign?* Zan iya karantawa a gida kafin in sa hannu?
- *Please, give me a copy.* Don Allah a ba ni kwafi.

Aikin aji

A. Rubuta waɗannan da Turanci: kafinta, birkila, mahauci, ungozoma, mai faci, ma'aikacin gwamnati.

B. Cike gurbi da *a*, *an*, *in* ko *for*:

1. *She is ___ tailor.*
2. *He is ___ engineer.*
3. *I work ___ Madalla.*
4. *They work ___ a transport company.*

C. Bayyana bambancin da ke tsakanin waɗannan da Hausa:

1. *employer* da *employee*
2. *referee* da *guarantor*
3. *termination* da *dismissal*
4. *salary* da *wage*

D. Lissafi: a ce *gross salary* naira 100,000 ne, kuma daga cikinsa duka aka yanki kashi 8 cikin 100 na fansho, ba a yanki komai ba bayan wannan. Nawa ne *net pay*?

E. Wata mai shara ta yi shekara 3 a wani ofis. Bisa Dokar Ƙwadago, *notice* na tsawon wane lokaci ya kamata a ba ta aƙalla?

F. Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya zama manaja, ɗaya mai neman aiki. Manaja ya yi tambaya uku a kan sana'a da gogewa, mai nema ya amsa, sannan ya yi tambaya biyu daga sashe na 8. Sai ku yi musanye.

Aikin gida

1. Rubuta jimla biyar da Turanci a kan aikinka: sunan sana'ar, wurin da kake yi, wanda kake yi wa, shekarun da ka yi, da lokacin da kake tashi.
2. Nemo sanarwar neman ma'aikata guda ɗaya a bango ko a waya. Kwafo ta a littafinka, ka ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ba ka gane ba.
3. Wanda ke da takardar ɗaukar aiki ko *payslip* ya duba ta a gida, ya rubuto kalmomi biyar daga cikinta, ban da suna da adadin kuɗi. Da su za mu fara darasi na goma, a kan rubuta takardar neman aiki.